Sau Nawa Gizo Ya Mutu?

Babu wanda ya taɓa ƙirga sau nawa Gizo ya mutu. A wannan tatsuniya an taka shi, a waccan ya faɗa wuta, a wata kuma ya tsere ya maƙale a jikin bango, gobe da daddare sai ga shi garau yana yi wa Ƙoƙi wayo. Yau yana da gona, jibi bai taɓa riƙe fartanya ba. Duk yaron da ya tashi a Tofa ko Lambu ko Doka ya ji irin waɗannan labarai a tsakar gida bayan isha, amma da wuya ka ji wanda ya tsayar da kakarsa ya ce, "Iya, ai jiya kin ce ya mutu." Da ma mai tatsuniya ta riga ta wanke kanta. In ta kai ƙurunƙus, da bakinta take faɗa cewa ƙarya ta shara, alhakin kuma na Gizo ne.

Da bidiyo ya shigo, marigayi Rabilu Musa Ibro ya gaji wannan gata. Tun daga shekarun 1990 har zuwa rasuwarsa a watan Disamba na 2014, da suna ɗaya yake fitowa a fim bayan fim, amma kowane fim da irin rayuwarsa. A nan matalauci, a can mai kuɗi, a Ibro Awilo kuma ya rikiɗe ya zama mawaƙin Kwango. Ba a yi gardama a gidan kallo a kan ina dukiyar fim ɗin baya ta shiga ba.

To ga wani abu da ya faru a birnin Boston na Amurka a 1971. Shekara guda kafin nan, wani marubuci mai suna Larry Niven ya fitar da littafinsa Ringworld, labarin wata duniya da wasu halittu suka ƙera da hannunsu. Zobe ne ƙato guda ɗaya da ya kewaye rana kamar yadda awarwaro ke kewaye hannu, faɗinsa kusan mil miliyan ɗaya, jama'a na zaune a fuskarsa ta ciki mai kallon rana. Littafin ya ci manyan kyaututtuka biyu na wannan fanni, Hugo da Nebula. Amma a babban taron masoya labaran kimiyya da aka yi a Boston, sai ɗaliban jami'ar MIT suka riƙa zagaya otal ɗin suna rera cewa zoben nan ba zai tsaya ba. Sun zauna sun yi lissafi. Duniya irin tamu in wani abu ya ɗan ture ta, za ta ci gaba da kewaya rana a wata hanya kusa da ta da. Zobe mai tauri kuwa da zarar ya ɗan gusa, gefen da ya matso kusa da rana zai fi jin janta, ya ƙara matsowa, har ya kai ga gogarta. Tun a 1859 masanin lissafi James Clerk Maxwell ya nuna irin wannan game da zobban tauraron Satun, wanda malamanmu ke kira Zuhalu.

Niven bai ce musu "ai labari ne" ba. Ya koma ya rubuta littafi na biyu, The Ringworld Engineers, wanda ya fito a 1980, ya maƙala wa zoben injuna a gefensa masu mayar da shi daidai in ya karkace. Sannan ya gina labarin kacokan a kan cewa an kwance yawancin injunan an yi jiragen sama da su, zoben ya fara gusawa, kowa na gab da halaka. Kuskuren da yara suka tono shi ne ya haifa masa littafi.

Me ya raba waɗannan ɗalibai da jikokin da ke sauraron Iya? Mai sauraron tatsuniya ma ba kowace ƙarya yake haɗiya ba. In aka ce boka ya ba saurayi laya da sharaɗin kada ya waiwaya, to in ya waiwaya dole layar ta karye, in ba haka ba yara da kansu za su yi ca. Sai dai sharaɗin a daren yake mutuwa tare da tatsuniyar. Labarin kimiyya kuwa da ya ambaci na'ura, ya ɗauki alkawari mai nauyi, domin na'ura aba ce da za ta yi gobe abin da ta yi jiya. Injin markaɗe a kasuwar Janguza ba ya rikiɗewa ya zama injin ban ruwa don mai shi ya shiga matsala. In kuma labarin ya yi shekara hamsin ana jan sa, marubuta suna karɓa daga hannun juna, kowane kashi kuma yana ajiye inda za a koma a sake kallo, to alkawarin jiya yana nan zaune yana jiran marubucin yau.

Asalin wannan musu ya girmi fina-finan sararin samaniya. A kan ɗan sandan ciki Sherlock Holmes aka fara shi. Arthur Conan Doyle ya shafe shekara arba'in yana rubuta labaran Holmes, daga 1887 zuwa 1927, kuma bai damu da komawa ya duba abin da ya faɗa a baya ba. A littafin farko an harbi abokin Holmes, Likita Watson, a kafaɗa a yaƙin Afganistan. A littafi na biyu, a 1890, ciwon ya sauko ƙafa. Sunansa John, amma a wani labari matarsa ta kira shi James. A 1911 wani matashin malami a Oxford, Ronald Knox, ya gabatar da muƙala cikin raha, ya ɗauki waɗannan labarai kamar tarihi na gaskiya yana warware saɓaninsu. Wasan ya samu karɓuwa, har aka kafa ƙungiyoyi a kansa. Daga nan aka samu hanyoyi biyu na amsa kowace tambaya, waɗanda har yau da sunan Watson da Doyle ake kiran su. Mai bin Doyle zai ce marubuci ne ya manta. Mai bin Watson zai ce a'a, harsashi biyu ne suka same shi. Marubuciya Dorothy Sayers ma ta kawo dabarar cewa sunan Watson na tsakiya Hamish ne, wato James a harshen mutanen Sikotlan, shi ya sa matarsa ta kira shi haka. Kusan duk wanda ke cikin wasan ya san amsar Doyle ce gaskiya. Ta Watson ce dai mai daɗi.

Inda abin ya zama sana'a shi ne Star Trek, shirin talabijin na Gene Roddenberry da aka fara nunawa a Amurka ranar 8 ga Satumba 1966. Zango uku kawai ya yi, kashi 79, aka dakatar da shi a 1969. Shahararriyar na'urarsa, wadda ke narkar da mutum a cikin jirgi ta sake haɗa shi a doron wata duniya cikin daƙiƙa kaɗan, talauci ne ya haife ta. Ɗaukar hoton saukar jirgi a kowane mako ya fi ƙarfin aljihun shirin, sai aka ƙirƙiro hanya mai arha. Amma tun daga ranar na'urar ta zama ƙaya a wuyan marubuta. In ana iya ɗauke kyaftin daga kowane haɗari da danna maɓalli ɗaya, ina sauran fargaba? Sai ya zama kusan duk lokacin da ake son jarumi ya shiga uku, dole a fara lalata na'urar: guguwa ta hana ta aiki, ko duwatsun wurin, ko garkuwar jirgin maƙiya. Masu kallo kuma suna riƙe da kowane dalili, suna jiran ranar da za a manta da shi.

Bayan an dakatar da shirin, ƙananan tashoshi suka riƙa maimaita shi kullum, mutum ya kalli kashi ɗaya sau biyar, sau goma. A nan ido ke fara ganin abin da bai gani ba da farko. Masoya suka fara buga ƙananan mujallu suna aika wa juna ta gidan waya. A 1975 Franz Joseph ya fitar da littafin zane-zanen na'urorin jiragen, aka yi ta rububinsa kamar na'urorin suna nan da gaske. Sai kaset ɗin bidiyo ya zo, aka samu ikon tsayar da hoto a mayar baya. A 1991 ma'aikatan shirin biyu, Rick Sternbach da Michael Okuda, suka buga nasu littafin na bayanin yadda kowane inji ke aiki, a 1993 kuma wani mai suna Phil Farrand ya fitar da littafi guda wanda ba abin da ke cikinsa sai kurakuran shirin, kashi bayan kashi. Da masana suka ce ilimin fiziks, ta hanyar ƙa'idar Heisenberg ta 1927, ya hana a san matsayi da gudun ƙwayar zarra daidai a lokaci guda, don haka na'urar cilla mutum ba za ta yiwu ba, sai marubutan suka ƙara mata wani sashe suka ce shi ke gyara matsalar Heisenberg. Mujallar Time ta tambayi Okuda a 1994 yadda sashen yake aiki. Ya ce yana aiki lafiya ƙalau, ya gode.

Gardamar da ta fi daɗewa a kan goshi aka yi ta. Akwai wata ƙabila ta mayaƙa a shirin, Klingon, waɗanda suka fara fitowa a 1967 da fuska irin ta mutane, an ɗan shafa musu hoda an maƙala gemu. A fim ɗin 1979, da kuɗi suka samu, sai ga su da goshi mai tudu-tudu kamar bayan kada. Dalilin a fili yake, kuɗin kwalliya ne. Duk da haka aka shekara da shekaru ana tambaya. A 1996 shirin ya yi wa kansa dariya: jaruman sabon zamani suka koma zamanin da, suka ga tsofaffin Klingon masu sulɓin goshi, suka juya suna kallon abokinsu Worf, shi kuma ya ce wannan magana ce da ba sa yi da bare. Da an tsaya a nan da an huta. Amma a 2005 aka kashe kashi biyu cur ana bayanin wata cuta da ta goge musu goshi. Shekara 26 ana jiran amsar tambayar da mai kwalliya zai iya amsawa cikin minti ɗaya. Bayan haka kuma, a 2017, sabon shiri ya sake canja musu kama gaba ɗaya, aka koma gidan jiya.

Wata matsalar kuma duniyar gaske ce ke jawo ta. Shirin 1966 ya hango ƙarni na 23 da maɓallai masu walƙiya da ƙananan akwatunan kallo, domin iyakar abin da masu ƙera kayan fim suka iya ke nan. A 2001 aka yi Enterprise, labarin da ya riga na farko da shekara fiye da ɗari, amma allunan jirginsa sun fi na jikokinsa kyau. Haka aka yi da Alien na 1979, inda kwamfutar jirgi ke rubutu da korayen haruffa a baƙin allo, sai ga Prometheus na 2012, wanda a labari shi ne gaba, da hotunan haske suna yawo a iska. Masu kare fim suka ce ai jirgin farko tirela ce ta ɗaukar kaya, na biyun kuwa na attajiri ne. Amsar ta yi ma'ana ga duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar Bedford da sabuwar jif a titin Gwarzo a rana ɗaya.

Star Wars ma yana da nasa. A fim ɗin farko, na 1977, matuƙi Han Solo ya yi alfaharin cewa jirginsa ya gama wata tafiya cikin ƙasa da fasek 12. Matsalar ita ce fasek ma'aunin nisa ne, kimanin tafiyar haske ta shekara 3.26. Kamar direba ne ya ce maka ya je Kaduna daga Kano cikin kilomita 12. Marubutan littattafan da suka biyo baya a shekarun 1990 suka nemo mafita: hanyar ta bi ta gefen tarin baƙaƙen ramukan sararin samaniya, kowa yana zagayawa, shi kuma ya yanke ta kusa da su, don haka gajartar hanya yake taƙama da ita. A 2018 aka nuna wannan tafiya a fim ɗin Solo. Haka kuma masu kallo sun daɗe suna dariyar yadda makami mai girman wata zai kasance da ramin hayaƙi mai faɗin mita biyu wanda harbi ɗaya a cikinsa zai tarwatsa komai. Bayan shekara 39, fim ɗin Rogue One na 2016 ya ce injiniyan da aka tilasta wa gina makamin ne ya dasa raunin da gangan. A ganina wannan shi ne faci mafi kyau da aka taɓa yi, domin ya ƙara wa tsohon fim nauyi ba tare da ya taɓa ko daƙiƙa ɗaya a cikinsa ba.

Na ce faci da gangan, domin aikina rubuta manhaja ne, kuma mu ma da wannan ciwon muke kwana. Duk manhajar da ta daɗe mutane na amfani da ita, abu biyu take da su: fuskarta, da kuma ƙa'idar aikinta. Za ka iya canja launi, ka matsar da hoto, mutane su yi gunaguni mako guda su saba. Amma ranar da maɓallin da jiya yake ajiye saƙo ya koma goge shi, ka karya amana. A 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta haɗe lambobin duk kamfanonin waya, duba kuɗi ya koma *310#, sa kati *311#. Gyara ne mai kyau, amma sai da aka bar tsofaffin lambobi da sababbi suka yi aiki tare na ɗan lokaci, domin miliyoyin yatsu sun haddace *556#, cikinsu har da na dattawan da ba sa karanta saƙon sanarwa. Akwai ma sanannen labari a wajen masu sana'armu: lokacin da Microsoft ke shirya Windows 95, sun gano cewa wasan SimCity yana da tangarɗa a cikinsa wadda tsohon tsari yake haƙuri da ita, sabon kuma ba zai yi ba. Maimakon su bar wasan ya mutu a hannun waɗanda suka saya, sai suka sa wa Windows wani sashe na musamman da ke gane SimCity ya lallaɓa shi. Kuskuren wani ne, amma mutane sun riga sun dogara da shi.

Da wannan ma'auni nake raba gardamar masu kallo gida biyu. Goshin Klingon da korayen haruffan Alien fuska ce, kuma masu tayar da jijiyar wuya a kansu ɓata lokacinsu suke. Amma akwai inda suke da gaskiya ɗari bisa ɗari. A The Last Jedi na 2017, wata kwamanda mai suna Holdo ta juya jirginta ta kutsa cikin rundunar maƙiya da gudun da ya wuce na haske, ta tsaga su gida biyu. Hoton ya yi kyau matuƙa. Sai dai in haka yana yiwuwa, me ya hana a ɗaura inji a jikin dutse a jefi wancan makami mai girman wata tun 1977? Matuƙan da suka mutu a fina-finan baya, a banza suka mutu ke nan? Fim ɗin 2019 ya yi ƙoƙarin rufe ƙofar da jimla ɗaya, cewa dabarar sau ɗaya cikin miliyan take nasara. A Star Trek Into Darkness na 2013, wani ya cilla kansa daga duniyarmu har duniyar Klingon ba tare da jirgi ba, wato a shirin da aka gina shi kan tafiyar jirgi. Discovery na 2017 kuma ya kawo injin da ke kai jirgi ko'ina cikin ƙiftawar ido, a zamanin da ya riga na Voyager da shekara fiye da ɗari, alhali duk labarin Voyager, zango bakwai, a kan jirgin da ya ɓace ne yana fuskantar tafiyar shekara 75 kafin ya isa gida. Da gardama ta yi zafi, marubutan suka jefa jirgin Discovery shekara 930 gaba, suka ce hukuma ta haramta ko ambaton injin.

Akwai wanda ya gane haɗarin da wuri. A shirin Doctor Who na Ingila, wanda aka fara a 1963, jarumin ya samu wani sukudireba mai aiki da sauti a 1968. Da farko kusoshi yake kwancewa. A hankali ya zama mabuɗin kowace ƙofa da maganin kowace matsala. A 1982 furodusa John Nathan-Turner ya sa aka ƙona shi a gaban kyamara, domin ya ga marubuta sun daina wahalar tunani. Da aka farfaɗo da shirin a 2005 an dawo da shi, tare da tsohuwar matsalarsa.

Sannan akwai tambayar wa ke da ikon cewa wannan ya faru, wancan bai faru ba. Tatsuniya ba ta da mai ita. Star Wars kuwa yana da shi. Tun 2000 kamfanin Lucasfilm ya sa ma'aikaci, Leland Chee, yana riƙe da rumbun bayanai na duk abin da aka taɓa faɗa a fina-finai da littattafai da wasannin kwamfuta, an jera su daraja-daraja, abin da George Lucas ya yi da kansa yana sama. A 2012 Disney ya sayi kamfanin a kan dala biliyan 4 da ɗoriya. Ranar 25 ga Afrilu 2014 aka sanar cewa littattafan da aka shafe shekaru ana bugawa, ciki har da na Timothy Zahn da suka farfaɗo da labarin a 1991, sun fita daga ingantaccen tarihi, sun koma almara a cikin almara. Mutumin da ya sayi littattafai hamsin ya haddace jirage da sarakuna, ya wayi gari an ce masa duk wannan ba ya cikin lissafi. Littattafan suna nan a kan kantarsa, ba harafin da ya goge, amma fushin da aka yi na gaske ne. A wajenmu masu manhaja, wannan shi ne ranar da kamfani ya ce ya daina kula da tsohon tsari, kowa ya yi ta kansa.

A Hausa ba mu da jerin labaran kimiyya mai dogon zango irin waɗannan. Muna da farko dai. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da wata halitta, Kolin Koliyo, da ta ɗauke shi zuwa sararin samaniya. Littafin bai zama jeri ba, don haka babu littafi na bakwai da zai saɓa wa na farko. Yawancinmu ta Indiya muka haɗu da mutum-mutumi da baƙin halittu: Jadoo a Koi Mil Gaya na 2003, da Krrish na 2006, da Chitti na Rajinikanth a Enthiran na 2010 da 2.0 na 2018, inda wayoyi ke fizgewa daga hannun mutane su tashi sama. Shagunan caji da turi da masu fassara irin su Algaita sun kai fina-finan Indiya kowane lungu, har ƙauyukan da ba su taɓa ganin silima ba. (Wanda yake neman Krrish 2 kuma ya daina wahala, daga Krrish sai Krrish 3 na 2013, domin Koi Mil Gaya aka ƙirga a na farko.)

Abin da muka samu a 'yan shekarun nan shi ne dogon zango. Daɗin Kowa ya fara a tashar Arewa24 a 2015, Kwana Casa'in a 2019, Labarina na Aminu Saira da Izzar So a 2020. Shirye-shirye ne masu zango bayan zango, kuma tsofaffin kashi suna nan a YouTube da cikin memorin wayoyi. Haka marubutan da ke sakin littafi shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu na biye da su suna sharhi kafin gari ya waye. Yanayin da ya haifi Phil Farrand ya iso mana ke nan. Mun ma riga mun yi namu musun goshin, lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya. An yi ta cece-kuce, wasu suka ce sun daina kallo, labari kuma ya ci gaba, domin fuska ce ta canja.

Na'urar da ke ba marubutanmu wahala kuwa tana cikin aljihun mai karatu. Da yawa daga littattafan soyayya na shekarun 1980 da 1990 a kan wasiƙa da ɗan aike suke tafiya. Wasiƙa ta faɗa hannun kishiya ko yaya, saurayi ya tafi Legas shekara biyu ba labari, a ɗaura wa yarinya aure bai sani ba. Babu mai tambaya, domin haka rayuwa take. A watan Agusta na 2001 wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya, layi yana da tsadar da sai mai hali, amma cikin shekara goma ta isa hannun mai shayi da manomi. Daga nan rabin tsofaffin dabarun labari suka shiga irin halin da marubutan Star Trek suka shiga a 1966. Kafin a raba masoya, ko a sace yaro, ko a bar miji cikin zargi har kashi goma, sai an fara kashe waya. Ba caji, ba sabis, ta faɗa ruwa, an fizge ta a Adaidaita.

Mai kallo a Langel ko Yarimawa ya fi marubucin da ke zaune a Zoo Road sanin waɗannan dalilai. Ya san inda ake tsayawa a bayan gari a samu sabis, ya san nawa ake ba mai caji, ya san maƙwabcin da ya sa sola. In aka nuna masa attajiri mai gidan bene da mota uku wayarsa ta mutu kwana biyu, zai yi tsaki. In kuma a kashi na 4 jaruma ta tura wa ƙawarta hoton takardar asibiti, sannan a kashi na 40 aka ce takardar ta ƙone babu sauran hujja, akwai wanda zai koma kashi na 4 ya ɗauki hoton allon ya saka a ƙarƙashin bidiyon. Marubutan da suka gane haka sun fara barin wayar da cajinta. Tana ringin a kan katifa, sunan mai kira yana haske, yarinyar tana kallo ba ta ɗauka, domin mahaifinta yana tsaye a bakin ƙofa, ko domin abin da aka faɗa mata jiya bai gama sauka daga zuciyarta ba.